Shin Ƙwayoyin Man Kifi Suna Saukar da Kolestarol?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai shekara 46, lafiyata ƙalau, sai dai gwajin jinin da na yi ya nuna kolestarol ɗina ya ɗan haura. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in riƙa shan ƙwayar man kifi kullum. Shin za ta saukar da shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba za ta saukar da shi ba, kuma ina so ka san haka tun kafin ka kai kuɗinka kemis. Idan ka duba takardar gwajin, za ka ga an kasa kitsen jini kashi-kashi: akwai LDL, wato nau'in kolestarol mai illa wanda ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har ya toshe su, akwai HDL, wato nau'in kolestarol mai amfani, sannan akwai wani kitse daban da ake kira tirigilisarayid. Sinadaran omega-3 da ke cikin man kifi, wato EPA da DHA, tirigilisarayid suke saukarwa. LDL kuwa ba sa rage shi, har ma DHA yakan ɗan ɗaga shi a jikin wasu mutane.

Ko shi tirigilisarayid ɗin ma, sai an sha mai yawa. Likita yakan rubuta giram 4 a rana na nau'in da aka tace, wanda kan rage shi da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, alhali ƙwayar da aka rubuta miligiram 1,000 a gaban kwalbarta sau da yawa ba ta ɗauke da fiye da miligiram 300 na EPA da DHA. Juya kwalbar ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, za ka gani da idonka.

Wani babban bincike mai suna VITAL da aka fitar a Amurka a 2018 ya bi mutum sama da 25,000 marasa ciwon zuciya na kimanin shekara biyar, inda rabinsu suka sha giram ɗaya na man kifi a rana, amma ba a ga raguwar a zo a gani ba a jimillar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mace-macen da suke haddasawa. Yawan shan ƙwayar kuma yana ƙara haɗarin rikicewar bugawar zuciya, kuma wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin bai kamata ya fara ba sai da sanin likita.

Kifin kansa ya fi maka amfani: titus ko shawa ko sadin sau biyu a mako, gasasshe ko a miya, musamman idan ya maye gurbin nama mai kitse. Ka rage man shanu da manja da soye-soye, ka ƙara wake da ganye, domin waɗannan ne ke taɓa LDL. Sannan ka kai wa likita takardar ya haɗa ta da awon hawan jini da na sukari, don ya ga ko gyaran abinci ya isa ko sai an haɗa da sitatin, wato maganin saukar da kolestarol.