Shirye-shiryen dogon hutu a jami'o'in Amurka: wanne ya cancanci wahalarki, wanne ne kasuwa

Ƙanwarmu, saƙonki ya iso. Kin ce za ki shiga SS2 a Kaduna, burinki karatun jami'a a Amurka, kuma wani ejan ya shaida wa Abbanku cewa in aka biya miki shirin hutu na mako biyu a Harvard, rabin admishan ya samu. Kina tambaya ko a biya, in kuma ba za a biya ba, me za ki yi da hutunki.

Kada a biya da wannan niyyar. Shirin hutun Harvard na 'yan sakandare gaskiya ne, ba damfara ba ne, amma ofishin da ke gudanar da shi daban, ofishin da ke ɗaukar ɗaliban digiri daban. Na mako biyu ya haura dala 5,000, na mako bakwai mai kwana a makaranta ya haura dala 10,000, ban da tikitin jirgi, wanda da wuya ya gaza dala 1,000 a wannan lokacin na shekara. Columbia da Brown da Stanford duk suna da irinsa. Masu tantance takardun neman jami'a sun san cewa babban sharaɗin shiga irin waɗannan shi ne aljihun iyaye, don haka satifiket ɗinsu ba ya ɗaga takardar kowa. Mai hali zai iya tura 'yarsa ta ga gari, ta ji yadda ake lacca, ba laifi. Amma a sayar da fili ko a ci bashi dominsa, wannan asara ce.

Abin da ke da nauyi shi ne shirin da sai an tace kafin a ɗauki mutum, musamman wanda su ne ke biya. Ga ma'aunin da za ki riƙa gwada kowane shiri da shi: shin suna ƙin mutane? Shin suna ba ɗaliban waje tallafin kuɗi? Shin a ƙarshe akwai wani aiki da za ki ɗaga ki ce ni na yi wannan? In amsar duka ukun a'a ce, wuce.

Wanda ya fi kusa da ke ba ma a Amurka ake yin sa ba. Sunansa Yale Young African Scholars, jami'ar Yale ce ta kafa shi domin 'yan sakandaren Afirka da ke karatu a Afirka. Kimanin mako guda ne, an yi shi a ƙasashe irin su Gana da Kenya da Ruwanda da Zimbabwe, akwai kuma zubin da ake yi ta intanet. Ba a biyan kuɗin karatu. Abin da ake koyarwa shi ne ainihin abin da makarantunmu ba sa koyarwa: yadda ake zaɓen jami'a, yadda ake rubuta maƙalar neman gurbi, yadda ake neman tallafi. Da shi za ki fara. Babban yayansa, Yale Young Global Scholars, a harabar Yale ake yi a garin New Haven, mako biyu, ga masu shekara 16 zuwa 18. Kuɗinsa ya haura dala 6,000, sai dai suna ba da tallafi gwargwadon halin gida, har ya kai ga yafe kuɗin gaba ɗaya, kuma ɗaliban waje ma suna samu. A lura, yafe kuɗin karatu ba ya nufin an saya miki tikiti. Ki karanta takardar tallafin layi-layi.

In lissafi ne abin da kike so, akwai PROMYS a jami'ar Boston, da Ross wanda aka fara tun 1957, da Mathcamp. Su waɗannan ba ruwansu sosai da yawan A ɗinki. Za su ba ki wasu tambayoyi masu tauri ki zauna da su makonni, ki rubuta yadda kika yi tunani, har da inda kika maƙale. Wanda ya saba da haddar fomula don WAEC yakan gigice a nan, domin ba amsa ake nema ba, hujja ake nema. Ki sauke tambayoyin bara tun yanzu ki gwada kanki. A kimiyya akwai Summer Science Program, tun 1959, inda a ɓangaren taurari ake haɗa ɗalibai uku-uku su bi wani dutsen sararin samaniya da madubin hangen nesa, su rubuta manhajar da za ta lissafa hanyar da yake zagaya rana. Yana karɓar 'yan waje, yana kuma ba da tallafi. Sai Research Science Institute a jami'ar MIT, mako shida, kyauta, ɗalibai kimanin 100 daga duniya baki ɗaya, amma 'yan waje ta hannun hukumomin ƙasashensu ake zaɓo su, don haka fara duba ko ƙasarki na cikin tsarin. Mai son adabi da tarihi da muhawara ta duba Telluride, shi ma mako shida ne kuma kyauta.

Da yawa cikin sunayen da za ki gani a jerin da ke yawo a intanet ba naki ba ne. MITES na MIT, alal misali, na 'yan ƙasa ne da masu katin zaman dindindin. Haka yawancin guraben aiki a ɗakunan binciken gwamnati. Kafin ki karanta komai a shafin shiri, nemi sashen da ya faɗi waɗanda suka cancanta. Minti biyu a nan yakan ceci mako uku na rubutun banza.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ke kayar da mafi yawan 'yan gida. Abin da Turawa ke kira bazara, wato Yuni zuwa Agusta, mu a wajenmu tsakiyar damina ce. Amma ba a lokacin ake nema ba. Ana buɗe fom tun wajen Oktoba, ana rufe yawancinsu tsakanin Disamba da Maris. Wanda ya fara tambaya a watan Mayu, ragowar da zai tarar masu tsadar nan ne, shi ya sa ejan ke samun kasuwa a lokacin. SS2 ɗinku ita ce aji 11 a tsarinsu, kuma yawancin shirye-shirye masu ƙarfi suna son wanda ya gama aji 11 bai shiga na 12 ba. Ke nan zangon farko na SS2, wanda za ki shiga yanzu, shi ne lokacin cika fom ɗinki. Hutun bayan SS3 ya makara, ga WAEC a Mayu da Yuni, ga NECO a bayanta.

Akwai wani karo kuma. Zango na uku a Najeriya yakan kai ƙarshen Yuli, alhali shirye-shiryen can sukan fara a ƙarshen Yuni. In aka ɗauke ki, jarrabawar wucewa SS3 za ta faɗo kina can. Tun ranar da kika tura fom, Abba ya je ya ga shugaban makaranta a daidaita, ko ki rubuta kafin tafiya ko bayan dawowa, kuma a samu yardar a rubuce. Inda ake da zaɓin rukuni, kamar a shirin Yale, zaɓi na ƙarshe. Kuma in sun ce ana rufewa ƙarfe 11:59 na dare agogon gabashin Amurka, a lokacin sanyi wannan 5:59 ne na asubar washegari a Kaduna. Kada ki dogara da wannan rarar. Wuta da netwok ba sa jiran kowa, tura da kwana uku a gaba.

Kayan fom kusan iri ɗaya ne ko'ina. Na farko sakamakonki na zango-zango tun daga JSS3, a kan takarda mai kan makaranta, da hatimi da sa hannu. A nan akwai tarkon da mutane ba su sani ba. A wajenmu 75 A1 ce, a makarantun Amurka 75 matsakaicin maki ne, C. Mai karantawa da bai san tsarinmu ba zai ga 72 da 78 ya ɗauka ɗaliba ce mai rauni. Ki roƙi makaranta ta haɗa da jadawalin da ke fassara maki, ta kuma rubuta matsayinki a aji, misali ta 3 cikin 64.

Na biyu wasiƙar shaida daga malami. Ba ke za ki ɗauko ta a ambulan ba. Za ki sa imel ɗin malamin a fom, su aika masa mahaɗi, shi ya ɗora da kansa. Abu biyu ke lalacewa. Ko dai malamin bai buɗe imel ɗinsa ba har aka rufe, ko kuma ya rubuto irin wasiƙar nan ta layi huɗu, cewa yarinya ce mai ladabi da biyayya. Ladabi abu ne mai kyau, amma su ba shi suke tambaya ba. Suna son malami ya faɗi abin da ya gani da idonsa: tambayar da kika yi a aji, ranar da kika warware lissafi ta wata hanya daban, yadda kike koya wa 'yan ajinku. Zaɓi malamin da ya san ki, ko da ba shi da muƙami, ba shugaban makarantar da bai san fuskarki ba. Ki ba shi wata guda, ki miƙa masa takarda mai ɗauke da abubuwan da kika yi don ta tuna masa, ki tabbata ya ga saƙon, har a akwatin tarkace.

Na uku maƙala. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta jawabi: Najeriya na fama da matsaloli, ina so in zama likita in ceci al'ummata. Masu karantawa sun ga dubban irinta. Rubuta ƙaramin abu da ke kaɗai kika sani. Yadda kike riƙe lissafin adashen Umma, yadda hadda ta koya miki tsara lokaci, abin da kika lura da shi game da rijiyar unguwarku a watan Afrilu. Kada wani ya rubuta miki, mutum ne ko na'ura. Wasu shirye-shiryen suna intabiyu, kuma bambancin bakinki da alƙalaminki zai fito fili.

Na huɗu takardun tallafi. A lokacin cika fom ake nema, ba bayan an ɗauke ki ba, in kin tsallake wannan sashen sau da yawa ƙofar ta rufe. In Abba ɗan kasuwa ne ba shi da takardar albashi, bayanan asusun banki da wasiƙar da ke bayyana sana'arsa da yawan mutanen da yake ciyarwa sukan wadatar. Faɗi gaskiyar adadi, domin waɗannan alƙaluman za su sake fitowa lokacin neman jami'a. Kuɗin fom kansa ana yafewa in an roƙa.

Sai biza, kuma dole mu gaya miki yadda take. Ba ke ke zaɓar iri ba, shirin ne ke faɗa. Shirin da ke ba da makin jami'a yakan aiko da takardar shaidar ɗauka mai suna I-20 a nemi bizar karatu ta F-1, a biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, ban da dala 185 na neman biza. Gajeru marasa maki galibi da bizar ziyara ake zuwa. Amma ƙofar ta ƙuntata. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Yuli ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku, sannan a Disamba ta sa Nijar cikin jerin hani gaba ɗaya, ta kuma dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar ziyara da ta karatu daga Janairun 2026. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka kafin a biya ko sisi, a duba shafin ofishin jakadancin Amurka, a kuma tambayi shirin a rubuce ko suna mayar da kuɗi in biza ba ta fito ba, ko suna da zubin intanet. Masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka mai wayar da kai kan karatu a can, a Abuja da Legas aikinsu ke nan, kuma ba ejan ba ne. Ko ba ki samu tafiya ba, cewa an zaɓe ki abu ne da za ki iya rubutawa a fom ɗin jami'a.

In tafiyar ta yiwu, sabunta fasfo da wuri, a tanadi katin rigakafi da wasiƙar amincewar iyaye tunda ba ki kai 18 ba. Rubuta musu tun kafin ki tashi game da abincin halal da wurin salla, sun saba da wannan tambayar. Ki shirya wa dogon yini: a Boston a watan Yuni asuba kan shiga kafin ƙarfe huɗu, isha'i kuwa sai bayan goma.

To in babu ko ɗaya da ya yiwu fa? A fom ɗin Common App, wanda ake neman yawancin jami'o'in da shi, akwai gurbi goma na ayyukan da ɗalibi ke yi a wajen aji, kowanne da haruffa 150 na bayani. Babu inda aka ce sai an yi su a Amurka. Kula da ƙanne yana shiga, tsaron shagon gida yana shiga, musabaƙar Alƙur'ani tana shiga. Abin da suke dubawa shi ne daɗewa da sakamako. Ɗalibar da ta tara yaran unguwa 15 tana yi musu lesin ɗin lissafi kwana uku a mako, hutu biyu a jere, tana riƙe da rajista da makin gwajin farko da na ƙarshe, tana da abin rubutawa fiye da mai hoto a ƙofar Harvard. Gasar lissafi da kimiyya da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, wadda daga ita ake fitar da tawagar Najeriya zuwa gasar duniya, ita ma tana shiga. Darasin CS50 na koyon rubuta manhaja, na Harvard ɗin nan dai, kyauta ne a intanet, data kawai zai ci. Amma gama ɗaya ki gina wani abu da shi, ya fi ki fara biyar.

Sauran hutun ki ba SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka. Yanzu a kwamfuta ake yin ta, awa biyu da 'yan mintuna, maki 1600. Sauke manhajar Bluebook ki yi cikakken gwaji ɗaya da agogo don ki san inda kike, sannan awa ɗaya kullum a Khan Academy, wadda kyauta ce. 'Yan gida galibi lissafin bai cika ba su wahala ba, saurin karanta Turanci ne ke cin su, kuma maganinsa karatun dogayen rubuce-rubuce kullum, ba haddar kalmomi ba. Ki zauna jarrabawar a zango na biyu ko na uku na SS2 don ki samu damar maimaitawa, domin Common App na buɗewa 1 ga Agusta kafin ki shiga SS3, kuma zagayen farko na yawancin manyan jami'o'i na rufewa 1 ga Nuwamba. Kuɗin da Abba ya ware wa ejan, a ajiye shi don rajistar SAT sau biyu, da data, da fasfo. Ki gaishe mana da su Umma.