Kada ka sa wa allon Hajiya batirin laftof

Jiya muna jan ƙofar shago ka ce min, "Oga, tunda fakitin batirin allon motsa jikin nan na Hajiya ya daina riƙe caji, me zai hana mu cusa masa batirin laftof, 18650, guda biyu kamar yadda muke yi wa fanka?" Na ce ka bari sai da safe, don an riga an kira magariba. To zauna ka ji.

Wannan abin sunansa Wii Balance Board. Nintendo suka fito da shi a Japan ƙarshen 2007 tare da wasan Wii Fit, ya shiga Turai da Amurka a 2008. Mu nan sai dai ɗan gwanjo, kuma duk faɗin kasuwar waya ta Farm Center za ka wahala kafin ka samu mai kayan gyaransa. Idan ka ƙona shi, ka ƙona. Asalinsa sikeli ne: kowace kusurwa akwai na'urar jin nauyi, ita ke gane ka karkata hagu ko dama, sai ya aika wa injin wasan bidiyo na Wii ta Bluetooth. An gina shi a kan batir AA huɗu, bolt 1.5 kowanne, 6 ke nan. Shi kuwa 18650 idan ya cika 4.2 yake bayarwa, biyu a jere 8.4. Fanka inji ce kawai da farfela, tana iya shanye wauta. Wannan allon ba zai yafe maka ba. Kuma batirin da ka ɓallo daga tsohon laftof ya rabu da na'urar kariyar da ke katse shi in ya yi zafi, ga mutum tsaye a kai.

Miƙo min fakitin. Ka ga an rubuta 3800mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, a bayansa, babu ko sunan kamfani? Sa sukundireba ka ɓanɓare shi. Yawwa. Ƙananan AAA ne huɗu aka liƙa da dalma, sauran wurin iska ce. Batirin AA mai caji na kirki, irin NiMH, tsakanin 2000 zuwa 2500 yake ɗauka. AAA kuwa da kyar yake taɓa 1000. Wanda ya rubuta 3800 ɗin nan Allah ya shirye shi.

Amma ba ƙaryar rubutun ce ta fi damuna ba, cajin ne. Duba inda wayar USB ta shiga: rezisto ɗaya da 'yar fitila, shi ke nan. USB bolt 5 take bayarwa. NiMH kuwa, duk da 1.2 aka rubuta masa, sai ya kai wajen 1.4 kafin ya ƙoshi. Huɗu a jere suna neman 5.6 ko fiye. Ta ina 5 za ta cika 5.6? Tun ranar da Hajiya ta saye shi bai taɓa cika ba, ko da ya kwana a jone. Ga shi kuma a jere suke, igiya ɗaya. Idan ɗaya ya raunana, shi zai fara ƙarewa, sauran ukun su ci gaba da tura wuta ta cikinsa har su juya shi baibai. Ɗora mita a kan kowanne. Wannan 1.2, wannan 1.2, wancan ma haka, na ƙarshen sifili. Ga gawar nan.

Zafinmu ma yana taimakawa. NiMH ko ba a taɓa shi ba yana tsiyayar da caji, a watan Afrilu da Kano ke haura 40 kuwa abin ya fi sauri. Hajiya ta ce sai ta yi wata ba ta hau ba.

Abin da za mu yi mai sauƙi ne, kuma kuɗinmu kaɗan ne a ciki, na sani. Ka nemo AA huɗu na NiMH, kamfani ɗaya, sayen rana ɗaya, irin masu daɗewa da caji a ajiye kamar Eneloop, da caja mai cajin kowanne daban. Huɗunsu 4.8 ne, kuma allon yana aiki da su lafiya lau. Kada ka haɗa sabo da tsoho.

Kafin ka saka, leƙa ramin batirin. Farin garin nan da ke kan sifirin, yoyon batirin alkalin ne da aka manta a ciki. Auduga da ruwan lemon tsami, ka goge, ka bi da sifirit, ka bar shi ya bushe sarai. Sau da yawa a nan matsalar take, yara su ce allo ya mutu. Jan maɓallin da ke gefen ramin shi ne na haɗa shi da Wii, za ka danna shi tare da na jikin injin idan Hajiya ta aiko da shi.

Tsoffin AAA ɗin nan ka jefa su a gwangwanin matattun batir, ba cikin sharar da almajiri zai ƙona ba. Kuma ka sauka daga kan allon, na ga ka tun ɗazu kana son auna kanka.