Yaya, ga amsar tambayarki a kan fim ɗin dodo

Yaya, saƙonki ya iso, faɗan da ke ciki ma na ji shi. Kin ce tun da kika ga hotonmu da yara a falo, an kashe fitila ana kallon dodo, hankalinki bai kwanta ba, wai Amurka ta cinye mu. Ki yi haƙuri ki saurare ni.

Sunan shirin Stranger Things, Netflix ta fara sakinsa a 2016, amma labarin na 1983 ne, a wani ƙaramin gari na ƙage, Hawkins, cikin jihar Indiyana. Yaro ya taso daga gidan abokinsa da dare a kan keke, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Ashe wata duniya ya faɗa, garin nasu sak, gida da gida, sai dai duhu da sanyi da ruɓa. Turawa ƙuruciyarsu suke tunawa: tarho mai igiya a bango, kaset, rediyon oba-oba. Mu a 1983 ko mafarkin ƙasar nan ba mu yi ba, amma da na ga yaran suna yawo rana zubur, babu waya a aljihu, sai duhu ya koro su gida, ni da ke na gani. Namu yaran na Bronx, unguwarmu a birnin New York, a hawa na biyar suka tashi, ko ƙofar bene ba sa saukowa su kaɗai. Auta ya juyo ya ce, "Mama, da gaske ana barin yara haka?" Ranar na yi surutu har bakina ya bushe.

Ga yadda muke yi. A watan Disamba rana na faɗuwa a nan wajen huɗu da rabi, sanyi kuma ba ya barin kowa fita. To ran Asabar bayan Islamiyya gida uku ko huɗu muke haɗuwa, akwai 'yan Nijar, akwai 'yan zangon Gana. Rimot yana hannun babbar cikinmu, Hajiya. In saurayi da budurwa suka matso kusa, ta tura gaba, yara su yi ta gunaguni. Isha'i ta yi, a tsayar. Kashi biyu muke kallo a dare, ko da yake zangon farko kashi takwas ne kuma duk a lokaci ɗaya aka sake su.

Akwai wurin da uwar yaron ta rubuta haruffa a bango, ta rataya ƙananan fitilu a kansu, ɗan nata yana kunna su ɗaya bayan ɗaya yana ba ta amsa, gari kuwa na ce mata mahaukaciya. Falon ya yi tsit. Hajiya, mai faɗan nan, gefen mayafi ta kai ido.

Batun aƙida da kika tayar, nan ma riba muka ci. A shirin, gwajin da gwamnati ke yi a kan wata yarinya ne ya buɗe ƙofar waccan duniyar. Bature ko iskarsa sai ya haɗa ta da ɗakin gwaji. Yara suka tambaya ko aljani ke nan. Muka ce a'a, aljanu gaskiya ne, sura guda gare su a Alƙur'ani, wannan kuwa ƙirƙirarsa aka yi. Yaran da Hausarsu duk a karye take, yau sun san dodo, sun san mutanen ɓoye, Auta kuma ba ya kwanciya sai ya karanta Ayatul Kursiyyu, ba da tuni ba.

Inda kike da gaskiya: zango na huɗu, na 2022, jini ya yi yawa, ƙanana ɗaki muke kora su. Auta ya ce ki turo masa tatsuniyar dodo da muryarki, amma ki yi a hankali don ya gane. Ki gaida mutan gida.