Zermatt: A Ƙafa Zan Fara Ko a Keke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jamus, ina son in yi kwana uku a ƙauyen Zermatt na ƙasar Suwizalan a watan Yuli. Keke kam tun ina yaro na iya, amma ban taɓa yawon duwatsu ba. In kama hayar keken hawan dutse ne, ko in tafi a ƙafa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ranar farko ka bar keke ya huta tukuna.

Ƙauyen kansa yana kusan mita 1,600 sama da teku, wuraren da za ka je kuwa sun haura 2,500. Can sama, abin da huhunka ke samu a numfashi ɗaya yana raguwa, sai ka ga saurayi majiyin ƙarfi yana haki kamar wanda ya yi gudu. Jiki na son kwana ɗaya ya saba. Don haka ka shiga jirgin da ke ratsa cikin dutse zuwa tashar Sunnegga, daga nan ka hau ɗan akwatin da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe zuwa tashar Blauherd, ka kama turbar tafkuna biyar. Tafiyar ba ta kai kilomita 10 ba, yawancinta gangara ce. Idan ka yi sammako kafin iska ta taso, a tafkin Stellisee za ka ga dutsen Matterhorn mai mita 4,478 kwance cikin ruwa tamkar a madubi.

Ka koyi karanta fentin hanya. Rawaya zalla, hanya ce ta kowa. Fari da ja da fari, turbar dutse ce, tana son takalmi mai kama ƙasa. Fari da shuɗi da fari kuwa, juya abinka, ba taka ba ce a bana.

Rana ta biyu sai keke. Iya tuƙi a titi daban, saukowa daga dutse daban. A nan, aikin duk na birki ne: yatsa ɗaya a kowane hannu, kana matsawa a hankali. Wanda ya damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, ta saman kan keke zai wuce. Tun a shagon haya ka gwada ka san wane hannu ke riƙe tayar gaba, domin ba kowace ƙasa ke ɗaura su iri ɗaya ba. Ka sauke sirdi, ka miƙe a kan feda, idonka na can gaba inda kake son zuwa. Fara da turbar keke ta Moos-Trail, wadda aka gina don masu koyo. In ta yi maka daɗi, washegari ka gwada doguwar da ke gangarowa daga Sunnegga. Hular kwano da safar hannu ba abin tattaunawa ba ne. Inda kuka haɗa turba da masu ƙafa, su ne da hanya: rage gudu, ka gaishe su, ka wuce.

Ina yawan tuna wa mutane cewa ranar 14 ga Yuli 1865, Baturen Ingila mai hawan duwatsu Edward Whymper da mutum shida sun kai ƙolin Matterhorn lafiya, a saukowa ne huɗu suka rasu. Gajiya a gangara take kama mutum.

Sai yanayi. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na sauka da kusan digiri 6, kuma hadarin bazara ya fi haɗuwa bayan azahar. Rigar ruwa da ta sanyi su kwana a jakarka ko da gari ya waye garau, ka kuma yi niyyar saukowa kafin la'asar. Ajiye lambar agaji 144 a wayarka, ka duba ko inshorarka ta ɗauki nauyin jirgin ceto mai saukar ungulu, don kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. In da mota za ka, a ƙauyen Täsch za ka ajiye ta ka ƙarasa a jirgin ƙasa, ba a shiga Zermatt da motar gida.