Baƙi Sun Ɓata Min Zannuwan Gado da Kafet, Zan Iya Riƙe Kuɗin Ajiyarsu?

Tambaya: Barista, ina da gida mai ɗaki biyu a Gwarinpa, Abuja, wanda nake bayarwa haya ta kwanaki, irin wanda ake kira shotlet. Wata baiwar Allah ta kama shi na kwana huɗu ita da 'yan uwanta da suka zo biki. Ta WhatsApp muka gama magana, ta biya kuɗin kwana, ta ɗora naira 50,000 kuɗin ajiya saboda ɓarna. Da suka tashi, mai shara ta tarar da fararen zannuwan gado biyu duk lalle da rini, tawul uku da hoda da jan baki, katifa ɗaya da tabon fitsarin yaro, kafet ɗin falo kuma garwashin turaren wuta ya huda shi wuri biyu. A bayan ƙofa akwai takardar da na manna cewa duk wanda ya ɓata wani abu ya rasa kuɗin ajiyarsa baki ɗaya. Na riƙe kuɗin, na nemi ta ƙaro naira 150,000 in sayi sababbi, ta ce ko sisi ba za ta ƙara ba, in ma mayar mata da nata. Sun manta akwati ɗaya a gidan, yayana ya ce in riƙe shi ko in kai ta wurin 'yan sanda. Mene ne matsayina a shari'a?

Amsa: Hajiya, kina da haƙƙi a kan wannan baƙuwa, sai dai haƙƙin bai kai girman da kika ɗauka ba, kuma shawarwari biyun da yayanki ya ba ki suna iya mayar da ke wadda ake ƙara. Kuɗin ajiya har gobe kuɗin baƙuwa ne da ke hannunki a matsayin amana, kuma abin da doka ta ba ki dama ki cira daga ciki shi ne daidai asarar da kika yi, wadda za ki iya tabbatarwa, wadda kuma ta wuce lalacewar da kaya kan yi saboda amfani na yau da kullum. Idan asarar ba ta kai kuɗin ba, ki mayar da ragowar, idan kuma ta zarce, kina da ikon neman ciko.

Takardar da ke bayan ƙofa ba lallai ta taimake ki ba. Ƙa'idar yarjejeniya ita ce sharaɗi yana ɗaure mutum ne idan an sanar da shi kafin a ƙulla ciniki ko a lokacin ƙulla shi. Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila, Olley da otal ɗin Marlborough Court, ta shekarar 1949, inda aka sace wa wata mata kaya a ɗakinta, otal ya kafa hujja da sanarwar da ke manne a cikin ɗakin cewa ba ruwansa da kayan da suka ɓace. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce an riga an ƙulla ciniki tun a teburin karɓar baƙi, don haka abin da matar ta gani bayan ta shiga ɗaki bai shiga yarjejeniya ba. Kotunan Najeriya suna aiki da wannan ƙa'ida. Ke cinikinki ya ƙullu ne a WhatsApp lokacin da ta tura kuɗi, saboda haka ki koma ki karanta hirar tun daga farko, ki ga me kika gaya mata game da kuɗin ajiya kafin ta biya, domin wannan ne yarjejeniyarku.

Ko da a ce kin tura mata sharaɗin tun farko ta amince, akwai sauran rina a kaba. Kotu tana bambanta kuɗin da ɓangarori biyu suka ƙiyasta da gaskiya a matsayin diyyar asara da kuɗin da aka ƙaƙaba don a hukunta mutum, kuma na biyun ba ta tilasta biyansa. Sharaɗin da ya ce wanda ya ɓata tawul ɗaya da wanda ya ƙona kujera duk su rasa naira 50,000 ya fi kama da horo. Ban da wannan, sashe na 127 na dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ya hana ɗora wa abokin ciniki sharuɗɗan da ba su da adalci, kuma baƙuwarki tana iya kai koke ga hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, a kan haka.

Rashin ingancin takardar bai wanke baƙuwar ba. Duk wanda aka ba wa ɗaki da kayan ciki ya kwana, wajibi ne a kansa ya kula da su kamar yadda mai hankali zai kula, kuma idan ya yi sakaci har kaya suka lalace, zai biya, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Malaman fiƙihu ma a nan suka tsaya, domin sun ce hannun mai haya hannun amana ne, ba ya lamuncewa sai ya yi ta'adi ko sakaci. Wadda ta kama gidan da sunanta ita za ki fuskanta, tunda da ita kika yi ciniki kuma ita ta shigo da sauran.

Kayan nan ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma a nan masu shotlet da dama suke kuskure, su haɗa komai a lissafi guda. Tawul ɗin da ke da hoda da jan baki, a ganina ki cire su daga maganar, domin wadda ta ba wa mata 'yan biki farin tawul ta san fuska za a goge da shi, kuma irin wannan tabo yakan fita a wanki. Haka nake kallon zufa da man gashi a rigar filo da ɗan ɗigon jinin haɓo ko na al'ada, duk suna cikin abin da kuɗin kwana ya riga ya ɗauke. Lalle da rini daban ne. Duk macen da aka taɓa yi wa ƙunshi ta san ba a hawa farin zani da shi kafin ya bushe, kuma baƙin rini idan ya kama auduga da wuya ya saki, don haka wannan sakaci ne da za ki iya neman diyyarsa. Katifa tana tsakiya. Yaro ya yi fitsarin kwance ba laifin kowa ba ne, amma uwar da ta san halin ɗanta ya kamata ta shimfiɗa leda, ko ta sanar da ke da safe a tare abin kafin ya shige cikin soso. Sai dai alƙali zai iya tambayarki dalilin da ya sa katifar da baƙi ke kwana a kai kullum ba ta da rigar da ke hana ruwa shiga, kuma abin da za ki samu a nan kuɗin wanke ta ne, ba kuɗin sabuwar katifa ba, sai idan an wanke wari ya ƙi fita. Kafet shi ne hujjarki mafi ƙarfi, domin babu wanda zai ce ɗora kaskon garwashi a kan kafet amfani ne na al'ada.

Sai batun nawa za a biya. Manufar diyya ita ce a mayar da ke inda kike kafin ɓarnar, kuma abin da kike da shi a ranar da suka shiga zannuwa ne da aka riga aka yi amfani da su. Misali, idan kin sayi zani naira 30,000 shekara ɗaya da ta wuce, kuma bisa al'adarki kina canza zannuwa duk shekara biyu, to abin da kika rasa bai wuce kusan rabin kuɗin ba. Doka kuma ta ɗora miki nauyin rage asara gwargwadon iyawarki, wato ki fara kai zannuwan wurin mai wanki, ki kira mai gyaran kafet ya duba ko za a iya yanke wurin a yi masa faci. Idan tabon ya fita, kuɗin wankin na musamman kawai za ki cira. Idan bai fita ba, ki karɓi rasit da 'yar takarda daga mai wankin cewa ya gwada abin ya gagara. Idan kuma kin soke zuwan wani baƙo saboda katifa ba ta bushe ba, kina iya neman kuɗin wannan daren, muddin kina da saƙon da ya nuna an kama ɗakin da shaidar kuɗin da kika mayar. Cewa kawai da an samu baƙo ba ya wadatarwa.

Sashe na 131 na dokar shaida ta 2011 ya ce wanda ya yi da'awa shi zai tabbatar da ita, kuma irin wannan asara ta kuɗi kotu tana so a jera ta ɗaya bayan ɗaya a kawo hujjar kowacce. Abu na farko da baƙuwar za ta ce shi ne haka ta tarar da kafet ɗin. Hotunan da mai shara ta ɗauka bayan tafiyarsu suna nuna akwai ɓarna, amma ba sa nuna wanda ya yi ta, sai an haɗa da abin da ke nuna yadda gidan yake kafin su shiga, ko bidiyon ranar, ko shaidar mai sharar da ta gyara ɗakin da hannunta. Idan a cikin hirarku baƙuwar ta ce wani abu kamar ai yara ne, ko ai ba da gangan ba ne, ki adana wannan saƙo da kyau, domin amincewa ce. Hotuna da saƙonnin waya suna karɓuwa a kotu ƙarƙashin sashe na 84 na wannan doka, tare da takardar da ke bayanin na'urar da aka ciro su, don haka kada ki goge hirar, kada kuma ki zubar da zannuwan.

Akwatin nan ki mayar da shi yau, ki rubuta mata ta turo a ɗauka, a sa hannu cewa an karɓa ba tare da an buɗe ba. Ba ta ba ki shi jingina ba, kuma idan ta nema kika hana, ta samu dalilin shigar da ke ƙara a kan tsare mata kaya, wanda diyyarsa tana iya fin abin da kike bin ta. Maganar 'yan sanda ma ki bar ta. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana kama mutum saboda saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya, kuma kotuna sun sha ɗora diyya a kan wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa don karɓar bashi. Gaskiya ne sashe na 326 na kundin dokar laifuka na Penal Code ya mayar da ɓarnata dukiyar wani laifi, amma sai an nuna niyya ko sanin cewa asara za ta biyo baya, kuma garwashin da ya faɗo daga kasko bai kai nan ba. Haka nan kada fushi ya kai ki ga wallafa hotonta ko katin shaidarta a Instagram ko Facebook, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da dokar ɓata suna duk suna iya hawa kanki.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki rubuta mata wasiƙa cikin ladabi, ki jera kowane abu da kuɗinsa, ki haɗa hotuna da rasit, ki nuna abin da kika yafe, ki ba ta mako biyu. Idan jimillar ta gaza naira 50,000, ki tura mata ragowar a ranar ba tare da jiran ta roƙa ba. Idan ta zarce kuma ta ƙi biya, akwai cibiyar sulhu ta babbar kotun Abuja, akwai kuma kotunan ƙananan ƙararraki, waɗanda Legas ta fara kafawa a 2018, daga baya Kano da Abuja da wasu jihohi suka bi sahu, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, kuma wasiƙar neman biya ita ce matakin farko a can. Amma ki yi lissafi kafin ki tafi. Idan cikon da ya rage naira 20,000 ne kuma baƙuwar ta koma wata jiha, wahalar isar mata da sammaci da karɓo kuɗin bayan hukunci za ta cinye abin da kike nema.

Da ta Airbnb, kamfanin da ake kama gidajen kwana ta manhajarsa, baƙuwar ta zo, da hanyar ta bambanta. Kamfanin ba ya barin yawancin masu gida su karɓi kuɗin ajiya a gefe, sai dai a shigar da buƙatar diyya ta manhajarsa cikin kwana 14 da tashin baƙo, a ɗora hotuna da rasit, idan baƙon ya ƙi biya ko ya yi shiru sai kamfanin ya duba lamarin ƙarƙashin tsarinsa na AirCover, wanda shi ma ba ya biyan lalacewar yau da kullum.

Don gaba, ki tura wa kowane baƙo sharuɗɗanki a rubuce kafin ya biya, ya amsa cewa ya yarda, kuma sharuɗɗan su faɗi abin da kuɗin ajiya zai ɗauka, da ƙiyasin kuɗin kowane kaya, da ranar da za a mayar da ragowar, da cewa wanda ya kama gida shi ke da alhakin duk wanda ya shigo da shi. A ɗauki bidiyon gidan ranar shiga, a sake dubawa tare da baƙo kafin ya miƙa makulli. Masu wannan sana'a da suka daɗe a cikinta sukan sa wa kowace katifa da filo rigar hana ruwa, su sayi zannuwa iri ɗaya da yawa don idan ɗaya ya lalace a maye shi kaɗai, su ajiye tawul masu duhu domin goge kwalliya, su kuma ɗora wani ɗan abu a kan kuɗin kwana wanda zai riƙa ɗaukar ƙananan tabo ba sai an yi jayayya da kowa ba. Tunda 'yan biki na cikin masu kama gidanki, ki ƙara sharaɗi a kan ƙunshi da turaren wuta, ki tanadi zani mai duhu na daren lalle da faranti ko tayil da za a riƙa ɗora kasko a kai, ki kuma rubuta a cikin sharuɗɗan cewa kin tanade su da inda aka ajiye su.