An ce an hana gas ɗin esina, da gaske ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Esin ɗakina ya shekara goma sha biyu, kuma duk bazara sai an ƙara masa gas. Bana mai gyara ya ce gas ɗinsa R-22 ne, an hana shigo da shi, gara in sayi sabo. Gaskiya ne, ko dai ciniki yake nema? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya. Mai gyaranki bai yi ƙarya ba, sai dai ya yi wa maganar gaggawa. R-22 na kan hanyar fita, amma da sannu ake raka shi.

Tushen maganar can sama yake. Tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa akwai wata shimfiɗar iska, ozon, mai tare mana kaifin hasken rana da ke jawo sankarar fata da yanar ido. A 1974 masana biyu, Molina da Rowland, suka nuna cewa sinadarin kulorin da ke cikin gas ɗin firij yana hawa har can ya riƙa cinye ta. Masu masana'antu suka yi ta musu, har 1985 da masu binciken Birtaniya suka bayyana wawakeken giɓi a saman Antatika. Ranar 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal ta kawar da gas ɗin da ke cinye ozon, wadda yau babu ƙasar da ba ta cikinta.

R-12 aka fara kora, gas ɗin tsofaffin firij da esin mota. Ƙasashe masu tasowa sun rufe babinsa a 2010. Zan faɗi laifina a nan: lokacin ina yaron shago, idan za a canja kwamfuresa, wato injin da ke tura gas, sai mu datse bututu da filaya, mu ja baya muna jin gas yana tsiii har ya ƙare. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai illa. Mu dai hannunmu muke karewa kada sanyin ya ƙona mu.

R-22 ɓarnarsa ga ozon kaɗan ce idan aka gwada da ta R-12, shi ya sa aka yi masa doguwar igiya. A ƙasashe masu tasowa an tsayar da adadinsa a 2013, aka rage kashi 35 cikin 100 a 2020, sai kashi 67.5 a 2025. A 2030 za a bar ɗan ƙwarya-ƙwaryar kashi 2.5 don gyaran tsofaffin na'urori, zuwa 2040. Amurka ta daina yin sa da shigo da shi tun 2020, Tarayyar Turai kuwa tun 2015 ta hana ko ƙara shi a na'ura.

Yarjejeniyar ba ta da ɗan sanda. Kowace ƙasa ita ke yin dokarta: ta ba 'yan kasuwa lasisi, ta yanka wa kowa kason da zai shigo da shi a shekara, kwastan su duba tukwanen a bakin iyaka, sannan ta kai rahoto. Abin da ake matsewa ke nan, shigowa. Esin da ke bangonki ba wanda zai zo ya cire shi. Gas ɗin ne zai riƙa wuyar samu, na jabu kuma ya yawaita.

Ni abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki shi ne “duk bazara sai an ƙara”. Hajiya, gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa. Zagaye yake yi a rufaffen bututu, kuma lafiyayyen esi yakan shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. In yana raguwa, yoyo ne. Ki tsaya a kan mai gyaran ya buɗe gefen injin da ke waje, inda bututun tagulla biyu suka shiga da noti. Sau da yawa za ki ga wurin ya yi danshin mai, ƙura ta manne ta yi baƙi. Ya shafa ruwan sabulu. Idan kumfa ta fara tasowa tana kumbura kamar ta bakin jariri, an kama ɓarawo. Wani lokacin sake bakin bututun da ɗaure noti kawai ake buƙata. Mai ƙara gas bai toshe rami ba, zuba ruwa yake a kwando, kuma ya san baɗi ma za ki kira shi.

Ki kuma kiyayi wanda zai ce zai zuba miki “sabon gas” a tsohon esin. R-410A ƙarfin matsinsa ya fi na R-22 nesa, man kwamfuresarsu ma ba ɗaya ba ne. R-290 kuwa gas ne mai kama wuta, ɗan'uwan na girki. Yana da kyau ƙwarai a na'urar da aka ƙera dominsa, amma a wadda ba tasa ba ganganci ne. Na jabu ya fi duka haɗari: a 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe har aka rasa rayuka, saboda gurɓataccen gas da aka sayar da sunan R-134a. Akwai 'yar sitika a jikin injin waje da aka rubuta sunan gas da nauyinsa. Abin da ke rubuce a nan, shi za a zuba, a kan sikeli.

Idan yoyon a noti yake, a gyara ki ci gaba da shan sanyinki. Idan kwamfuresa ce ta mutu ko bututun ciki ya ruɓe, to a canja, amma ya kwashe tsohon gas ɗin a tukunya, kada ya sake shi a iska. Wajen sayen sabo kuma ki duba sitikar. R-410A ba ya taɓa ozon, amma wajen ɗumama duniya kilo ɗaya nasa ya kai kilo 2,000 na iskar kabon, don haka shi ma an sa shi a layin waɗanda za a rage tun taron Kigali na 2016. Da ni ne, mai R-32 zan ɗauka, don bai kai R-410A ɗumama duniya ba.