Ma'aikacina mai ƙwazo ya sauya, yaya zan yi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugaban wani sashe ne mai ma'aikata tara. Akwai ɗaya daga cikinsu wanda a da babu kamarsa wajen ƙwazo, amma kusan wata biyu ke nan ya sauya: yana makara, yana manta abin da aka sa shi, idan ana taro kuma sai ya yi tagumi ba ya cewa uffan. Na gaba da ni sun ce in ba shi takardar gargaɗi, ni kuwa hankalina bai kwanta da hakan ba. Ina jin nauyin tambayarsa, kada ya ga na yi masa shisshigi. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ba ka yi gaggawar ɗaukar alƙalami ba, domin mutumin da aka sani da himma ba ya zama malalaci dare ɗaya, kuma takardar gargaɗi ba za ta lalace ba idan ta jira mako biyu. Irin abin da ka gani ya zama ruwan dare a wuraren aiki. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa ana asarar kwanakin aiki kimanin biliyan 12 duk shekara saboda ciwon damuwa da fargaba, kuma a cikin ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta fitar a shekarar ta 2022 ta ba da shawarar a horas da shugabannin ma'aikata su iya lura da wanda ke cikin ƙunci, su kuma san yadda za su yi masa magana. Ke nan tambayar da kake jin nauyin yi tana cikin aikinka.

Ka kira shi a keɓe, a ranar da bai yi wani kuskure ba, ka rufe ƙofa, ka kife wayarka a kan tebur don ya ga hankalinka yana wurinsa. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, misali: "Na lura kwanan nan ba ka cikin walwala, kuma na san ba halinka ba ne. Lafiya kuwa? Akwai abin da zan iya sauƙaƙa maka a nan?" Daga nan sai ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo har ka ji ya takura ka. Mai yiwuwa ya ce ba komai, kuma ka karɓi wannan amsa ba tare da matsa masa ba, domin mutane da yawa suna tsoron da zarar sun ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa za a ɗauke su masu taɓin hankali, ko a hana su ƙarin girma. Kada ka ce masa kowa da tasa damuwar, kada kuma ka laƙaba wa halinsa sunan wata cuta, wannan aikin likita ne.

Inda nake so ka fi mai da hankali shi ne abin da ke hannunka, wato aikin da kansa. A ma'aikatu da yawa ladan mai ƙwazo shi ne a ƙara masa kaya, idan wani ya bar aiki a jibga masa nasa, idan abu ya taso da dare shi za a kira, har ƙarfinsa ya ƙare ba wanda ya lura. Tun a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, kuma ta ce ana gane ta da ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga ran mutum, da raguwar abin da yake iya aiwatarwa. Wani bincike da ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Don haka ka ɗauko jerin ayyukan da ke kansa ku duba tare, ka ware abin da za a iya ɗagawa ko a ba wani, ka tambayi kanka yaushe rabonsa da hutu, ka kuma bincika ko akwai mai muzguna masa a cikin sashen, ko masu ba shi umarni biyu da ke karo da juna.

Duk abin da ya gaya maka amana ce. Na gaba da kai ba sa bukatar jin labarin gidansa ko na lafiyarsa. Ya isa ka ce musu kun zauna, kun tsara yadda za a gyara aikin, kuma kana neman a ba ka wata guda kafin a sake maganar gargaɗi. Idan akwai abin da dole sai ka kai gaba, ka sanar da shi tukuna.

Idan ya ce ya haura mako biyu yana cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya masa daɗi, to ka ƙarfafa masa gwiwa ya ga likita, ka kuma ba shi lokacin zuwa asibiti ba tare da ya roƙa kowane karo ba. Idan kuwa ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauka magana ce kawai: ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Kafin ya fita daga ofishinka ku tsai da ranar da za ku sake zama, ka rubuta ta a gabansa, kuma idan ranar ta zo kai za ka neme shi.